Rigar da Na'ibi Ya Yanka wa Bawa

A Sa'alaba, in ka ga mutane suna zagayawa ta bayan masallaci don kada su bi ta ƙofar shagon Na'ibi tela, to an shiga hutun ƙwallo. Wata huɗu ne cur, daga lokacin da zafin Jidda ya kori 'yan wasa daga fili zuwa lokacin da iska ta sassauta aka koma tamrin, wato motsa jiki kafin gasa. A watannin nan Na'ibi ba shi da wasan kallo, sai jita-jitar wa zai tafi wa zai zo, kuma duk wanda ya kawo masa ɗinki sai ya sha bayani kafin a auna shi.

A nan Jidda aka haife shi. Mahaifinsa mutumin Haɗeja ne da ya taho hajji a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ya sauke farali, ya tuna nisan komawa ya ce a kai kasuwa. Na'ibi ya tashi yana Hausa a gida yana Larabci a titi, ya koyi ɗinki wurin wani Bayamane a Bab Sharif. Ƙwallo kuwa sau ɗaya tak ya taɓa bugawa, ya kuskure ta ya daki dutse, farcen babban yatsansa ya fita. Daga ranar ya yarda cewa rabonsa a kallo yake, ya ɗauki son Najmar Sa'alaba, ƙungiyar unguwarsu, ya ɗora wa ransa kamar ciwon ajali.

Ba kallo kaɗai ne matsayinsa a ƙungiyar ba. Gasar unguwanni ta wancan zamani ba ta san takarda ba. Rabin 'yan wasan ko iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba su da ita, balle su sa hannu a yarjejeniya. Don haka Najma ta yi nata tsarin tun kafuwarta. Kwamiti zai ba Na'ibi sunaye, shi kuma ya yanka wa kowa riga daidai awon jikinsa. In almakashi ya shiga yadi da sunanka, kai ɗan Najma ne har ƙarshen kaka. Ƙungiya ba ta isa ta kore ka ba, kai ma ba ka isa ka tafi ba. Wani ɗan gaba ya taɓa gwadawa, ya bar rigarsa a rataye ya koma ƙungiyar Mahjar. Shekara biyu ba wanda ya amsa masa sallama a gahawa, wurin da mazan unguwa ke taruwa shan shayi, har maganar aurensa sai da ta rushe.

Hutun 1972 shi ne wanda ya kusa kashe Na'ibi. An yi sabon shugaban kwamiti, Othman, magatakarda a tashar jiragen ruwa, mai tabarau da mujallun wasanni na Masar a hammata. Watan farko ya saki Rafi'u, ɗan bayan da ko jaki ya taho da ƙwallo sai ya tare shi, ya karɓo wasu biyu da ba wanda ya taɓa jin sunansu. Wata na biyu ya ce za a daina wasan mutum biyar a gaba, wai duniya ta wuce wurin. Na'ibi ya kwashe maɓallai ya jera a kan teburin yanka, yana nuna wa duk mai tsautsayin shigowa yadda Mahjar za ta ratsa su ta tsakiya.

"Wannan baƙin maɓallin shi ne Rafi'u," in ji shi, sai ya ɗauke shi ya jefa a aljihu. "To, ka ga ramin? Wa zai toshe? Tabaran Othman?"

Duk wannan ƙaramin abu ne. Saura sati biyar a koma tamrin, takardar sunaye ta iso shago. Na'ibi ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Babu sunan Bawa. A gurbin gola an rubuta wani Saleh.

Bawa kuwa shekara goma sha uku yana tsaron ragar Najma. Iyayensa Hausawan Sudan ne, shi kuma dako yake yi a tasha, ranar samu ranar rashi. Filin Sa'alaba tsakuwa ne da gishiri, in ka faɗi sai ka bar fata a ƙasa, amma Bawa faɗuwa yake kamar a kan katifa. Tun rigarsa ta farko Na'ibi ke cusa masa auduga a gwiwar hannu da kwatangwalo, ya bi ta da ɗinki biyu. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa ɗaya ce, Sauda, kuma unguwa ta san wa ya cike masa gurbin.

Bayan la'asar ya tarar da Othman a gahawar Abubakar, ya ajiye masa takardar kusa da kofin shayi.

"An manta suna," in ji shi.

"Ba a manta ba, ya Ammi," in ji Othman. Haka na ƙasa da shi ke kiransa, wato Baffa.

"Bawa za ka ajiye? Da tsohuwar zuma ake magani, ko wannan ba ya cikin mujallarka?"

"Bawa ya san maganar. Ka yanka abin da aka rubuta maka, halas, magana ta ƙare."

"Wa ya yi maka shugabancin nan, ya shaikh? Lokacin da Bawa ya tare fanareti biyu a wasa ɗaya kai kana ina?"

Othman ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ci gaba da shan shayinsa. Wannan ya fi zagi ƙona Na'ibi.

Ya nemi Bawa. Ya aika gidansa, aka ce ya fita. Ya hango shi bayan sallar Juma'a, kafin ya gama neman takalminsa Bawa ya ɓace. Sati biyu ana haka, Na'ibi ya yanke wa kansa hukunci cewa baƙin ciki ne da kunya suka hana shi fitowa, kamar yadda zai hana duk wanda aka yi wa irin wannan wulakanci. A gida ya daina gama abinci. Matarsa Mastura ta gaji da jin sunan Othman safe da rana.

"Abu Sauda, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji ta. "Ka bari ka ji daga bakin Bawa."

"Me zai ce? An ci masa mutunci, kunya yake ji."

"Ka tabbata kunyar Othman yake ji?"

Bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Mace da ba ta taɓa zuwa fili ba, me ta sani?

Ranar Alhamis da hantsi ya buɗe ƙofar shago duka biyu, ya kira Abubakar mai gahawa da wasu dattawa biyu su zama shaida. Ya shimfiɗa baƙin yadin gola. Bai buƙaci igiyar awo ba, don awon Bawa a kansa yake kamar Fatiha. Ya ja alli, ya yi bismilla, ya ce, "Wannan ta Bawa ce," ya danna almakashi. Kafin azahar labari ya gama unguwa. Kwana biyu Na'ibi yana shan shayi kyauta, ana zuwa ana yi masa barka, ana cewa namiji ya taka wa mai tabarau burki.

Othman ya zo da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yankakken yadin.

"La haula wa la ƙuwwata," in ji shi. "Ka san abin da ka yi masa kuwa, ya Ammi?"

Ya juya ya tafi. Na'ibi ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi masa daɗi ba.

Ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da titi ya yi tsit saboda zafi, Bawa ya yi sallama. Ya zauna a kan benci, hannayen nan nasa manya a tsakanin gwiwoyi, idonsa a ƙasa.

"Ammi, ni na je wurin Othman na roƙe shi ya cire sunana."

Na'ibi ya tsayar da keken ɗinki.

Bawa ya yi bayani a hankali. Wata masana'antar bulo a Madinar Masana'antu, unguwar masana'antun Jidda, ta ɗauke shi aiki, mai ita ya yarda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa wurin hukuma, ya yi masa iƙama, shi da matarsa Bashira da 'ya'yansu uku. Aikin daga azahar ne zuwa isha, daidai lokacin tamrin da wasa. Farkon wata mai zuwa zai fara.

"Tun ina saurayi, in na hango motar 'yan sanda sai in sake hanya," in ji shi. "Babbata ta isa shiga makaranta, ba ta da takarda. Na ce wa Othman ya bari a ce ajiye ni aka yi, kada mutane su ce na gudu."

"To ni fa? Ni ba ni da kunne? Me ya hana ka buɗe baki?"

"Kai ka ɗinka mini rigar farko, Ammi. Sau uku ina zuwa har bakin masallaci in koma."

Na'ibi ya rasa wa zai zaga. Ya so ya zagi Othman da ya riƙe amana kamar dutse, ya so ya zagi Bawa da kunyarsa ta banza, ya so ya zagi Mastura da ta yi gaskiya. Ya duba, duk zagin kansa yake dawowa. Garin neman gira ya tsone ido.

"Ma'alesh, ba komai," in ji Bawa, ya miƙe. "Tunda ka yanka, zan sa. Gobe zan je in ce wa mutumin ya ba wani aikin."

"Ka haukace?"

"In na bar ta a rataye, wa zai amsa wa Bashira sallama a unguwar nan? A nan 'ya'yana za su tashi."

Gaskiya ya faɗa, kuma Na'ibi ya fi kowa sani, don shi ne ya fara juya wa wancan ɗan gaban baya a gahawa. Ya daɗe yana kallon baƙin yadin.

"Kada ka je wurin kowa," in ji shi. "Ka zo fili ranar raba riguna. Yalla, tafi, ka cika mini shago."

Ranar farkon tamrin duk Sa'alaba ta fito bayan la'asar. Wannan ce ranar da Na'ibi ke jira wata huɗu duk shekara, amma bana ya iso da ƙullin riguna a ka kamar mai kai likkafani. Aka fara kiran suna, kowa ya karɓi tasa ya sa, ta zauna masa daram. Aka zo kan Bawa, jama'a suka ɗauki tafi.

Kai ya shiga da ƙyar. Hannun rigar ya tsaya a gwiwar hannu, audugar ta hau dantse, gindinta kuwa ko cibiya bai rufe ba. Bawa ya ɗaga hannu, hammata ta yage. Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Na'ibi ya fito tsakiya, ya zagaya shi, ya ja nan ya ja can.

"Wannan ba awon Bawa ba ne," in ji shi da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Na yanka da ka, ban auna ba, na kuskure. Rigar da ba ta shiga mutum ba, ba tasa ba ce."

Dattawa suka haɗa kai. Abubakar ya ce shi dai ya ga an yanka. Wani ya ce al'ada cewa ta yi daidai awon jiki, wannan kuwa ko 'yar Bawa ta fari sai ta matse ta. Othman ya dubi Na'ibi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce an riga an miƙa sunaye, ba a yanka sau biyu, gola Saleh ne. Bawa ya tuɓe rigar, ya ninke ta, ya miƙa wa Na'ibi da hannu biyu. Bakinsa ya motsa, Na'ibi ya harare shi, Bawa ya haɗiye maganar.

"Tsufa ya kama tela!" in ji wani daga baya.

Ya kama shi kuwa, a bakin mutane. Azumi na ƙaratowa, lokacin da kowane tela ke cin kasuwar ɗinkin Sallah, sai ga waɗanda suka shekara ashirin suna kawo masa yadi suna wucewa da shi shagon gaba. Wa zai ba da yadin Sallarsa ga wanda ya kasa awon mutumin da ya raina? Ba shi da damar kare kansa. In ya ce da gangan ya rage ta, riga ta koma kan Bawa, iƙama ta tashi. Ban da Bawa da Othman, Mastura kaɗai ta sani, don ita ta share ƙyallayen da ya rage, kuma ta yi masa alherin da ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba.

Wasan farko da Mahjar aka yi. Saleh dogo ne, yana da hannu, amma tsoron tsakuwa yake, ba ya faɗuwa sai ya duba inda zai sauka. Minti goma da farawa aka sako masa wata a ƙasa, mai laushi, irin wadda Bawa ke tarewa yana gaisawa da mutane. Ta wuce ta gefen ƙafarsa ta kwanta a raga.

Ba wanda ya kalli Saleh. Ba wanda ya kalli Othman. Duk 'yan Sa'alaba, manya da ƙanana, suka juyo wurin Na'ibi. A daidai lokacin Bawa yana can yana loda bulo, takardarsa a aljihu, kuma cikin mutanen nan ba mai tunanin haka sai mutum biyu, Na'ibi da Othman.

Na'ibi ya gyara hularsa.

"Eh, ni ne," in ji shi. "Ku juya ku kalli wasa, akwai saura."