Abin da Datti Ya Gani a Kwalbati

Datti ɗan maharbi ne, amma bai gaji harbi ba. Da aka haƙa kanal a ƙasar Bunkure, ya sami aikin buɗe ƙofofin ruwa, ya shekara tara yana zagaya gonaki a kan kekensa. Ba shi da yawan magana. Abu ɗaya ya koya wajen mahaifinsa, sanin sawun dabba.

A shekarar fari, 1984, daji ya bushe, makiyaya suka yi ta gangarowa bakin kanal. Wata Talata da hantsi, Hammadu, Bafulatanin da ya sauka bayan gonakin alkama, ya tare shi.

"Malam Datti, zo ka duba mini wani abu."

Bijimi ne kwance cikin ciyawa, ƙudaje sun rufe shi, ba a ci namansa ba. A maƙogwaronsa akwai huda biyu. Datti ya zura yatsa a ɗaya, ya shige duka bai taɓo ƙarshe ba. Ya durƙusa kan laka, ya ga sawun dabba. Sawun ya fi tafin hannunsa faɗi, na ƙafafun gaba sun nutse ƙwarai.

"Damisa ce?" in ji Hammadu.

"Damisa ba ta da wannan nauyin," in ji Datti. "Zaki kuwa, tun ina yaro ba a sake jin ɗuriyarsa a nan ba."

Inna Adama, mahaifiyar Hammadu, ko zuwa dubawa ba ta yi ba. Ta ce kakanta ya ba su labarin wata dabba a duwatsun kudu, mai guntun bindi, haƙoranta biyu sun zarce haɓa, ba ta saukowa sai shekarar da rafuka suka ƙafe. Kafin la'asar ta sa an tashi ruga.

Datti ya faɗa a ofis, aka yi dariya, aka ce kura ce.

Bayan kwana shida, da tsakar rana, ya je ƙofar ƙarshe, inda ruwa ke bi ta wani dogon kwalbati. Ya lura kwaɗi sun yi shiru, ga wani irin ƙarni. Ya leƙa. Can ciki wani abu ne ke shan ruwa, yana karkata kai gefe kamar bakinsa na hana shi. Sai ya ɗago. Datti ya ga haƙora biyu, dogaye, ruwa na ɗiga daga tsininsu.

Ya yi ta ja da baya a hankali har ya kai titi. Keken ma can ya bar shi.

Ya roƙa aka mai da shi ɓangaren garin Kura, a can ya ƙarasa aikinsa. Lukmanu, magidancin da aka tura gurbinsa, wata biyu ya yi ya ajiye aikin, bai faɗi dalili ba. In sun haɗu a kasuwa sukan gaisa a tsaitsaye, ba mai duban idon wani.