Kawu Labbo da Intabiyun Bashiru

Duk wanda ya san Kawu Labbo mai gyaran rediyo a Kaura ya san yadda yake ɗaukar ma'aikaci. Sukurdireba yake miƙa maka, ya ga ta ina za ka kama. In ka kama daidai, gobe ka zo. Shi ke nan.

To ku ƙiyasta halin da ya shiga ranar da na gaya masa wani babban kamfanin fasaha na ƙasar waje zai yi mini intabiyun aikin rubuta manhaja, zagaye biyar.

Ya ajiye tabarau. "Biyat? Kai Bashiru, sarautar Zurmi za su ba ka?"

A shagonsa na yi su, don nan ne sabis ke da ƙarfi. Ya rantse ba zai tsoma baki ba.

Zagaye na biyu, wata mata ta bayyana a kwamfuta, ta ba ni matsala in warware cikin minti arba'in tana kallo, kuma in riƙa faɗin abin da nake tunani. Ina rubutu ina surutu, gumi na zuba. Sai na ji tsatstsafi a ƙeyata. Kawu ne ke tofa mini addu'a. Da aka gama ya ce, "Tun da nike ban ga inda a ka sa mai hankali magana shi kaɗai ba, kuma a ba shi maki."

Zagaye na huɗu ya fi girgiza shi. Suka ce in ba su labarin wata rana da na yi kuskure a wurin aiki. Na fassara wa Kawu a gurguje, wautata ke nan. Ya dafe ƙirji. "Kada ka hwaɗi! Tarko na." Kafin in ankara ya cusa kansa gaban kamara, hula da gemu sun cika allon, ya ce da Turancinsa na zamanin jirgin ƙasa wai yaron nan bai taɓa kuskure ba. Mutumin da ke mini tambayoyin ya yi dariya har ya cire abin kunnensa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Bayan mako uku saƙon imel ya zo, layi biyu: sun gode, sun ɗauki wani. Na karanta masa. Ya kasa kunne, yana jira.

"Ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Kawu."

"Ba su ce a gaida gida ba?"

Rannan bai taɓa rediyo ko ɗaya ba. Ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar sallah ba ya yi, ya ja ni muka ci tsire, yana ta cewa, "Mutanen ga ba su da tarbiyya."

Wani kamfanin ya ɗauke ni bayan rasuwarsa da wata biyu. Da saƙon ya shigo, sai da na miƙe zan nufi shago kafin in tuna.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari, ya haskaka makwancinsa.