Kuɓewar Kaka a Kan Farantin Sola

A shekarar yaƙin Kuwait, lokacin da mutanen Jidda suke manna salatif a gilashin taga don tsoron bom, Baba ma ya manna wa tagogin motarmu, domin a cikinta muke zaune. Karafan ce, irin motar nan mai gado da wurin girki da Larabawa ke fita da ita sahara. Ta kafilin Baba ce, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar. Da injinta ya mutu sai ya bar masa, aka jawo ta ƙarshen unguwar Karantina inda wayar lantarki ba ta kai ba. Ya haɗa masa da farantin sola guda, mai naɗewa kamar marfin akwati.

Aikina ne kowace safiya in fito da farantin, in jingina shi da bulo, in goge ƙura da kashin tantabara, in riƙa juya shi yana bin rana. Ko ƙwallo muke bugawa a fili, da na ga inuwa ta karkata sai in ruga. Baba yakan ce, "Batir randa ne, abin da ka zuba da rana shi za ka ɗiba da dare." Da shi muke kunna fitila ɗaya da ƙaramar fanka da tsohuwar rakoda wadda Baba ya jona wa waya.

A gidanmu babu mai karatu ko rubutu, don haka kaset ne wasiƙarmu. Bayan aikin hajjin shekarar, wani alhaji ɗan Malumfashi zai koma gida washegari, kuma Kaka, mahaifiyar Baba, tana son aika saƙo ga yayarta Delu da ke can. Ba su rabu da daɗi ba, tun kan rabon gona. Kwana da kwanaki na ji tana gwada maganar a bakinta tana tsintar shinkafa.

Ranar na kafa farantin, aka aike ni layin ruwa da jarkoki. Sai la'asar na dawo, na tarar an shanya yankakkiyar kuɓewa a kansa, ba inda aka bari. Kaka na gefe tana korar ƙuda. "Mijina, wannan faifan naku ya fi tabarma zafi," in ji ta. Baba ya dafe kai ya ce, "Inna, kin rufe wa batir baki." Ta ce, "Rana ce fa, ta ishi kowa."

Bayan magariba aka kunna rakoda. Ta gaishe da dangi ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi awaki da tsamiyar ƙofar gida. Tana cewa, "Yaya Delu, maganar nan da ta shiga tsakaninmu," sai fitila ta yi ja, kaset ya tsaya. Ta ce, "Halas, shi ke nan, baɗi sai in ƙarasa." Hakan alhajin ya tafi da shi. Kafin hajji ya zagayo Delu ta rasu.

Yanzu wankin karafan na haya nake yi. Farantan yau kafin azahar sun cika batir, kuma da yamma ina ajin manya ina koyon haɗa baƙaƙe a hankali. An rushe Karantina, amma ba ita nake ƙirgawa ba. Abin da muka rasa yinin rana ɗaya ne, da rabin kaset, da neman gafarar da ba ta isa Malumfashi ba.