Takubban Yaya Bulus da Akwatin Ƙofar Coci

Tarihin ɗan Adam, idan aka tace shi aka fitar da sarakuna da ranakun yaƙi, rigima ɗaya ce tsakanin mutane iri biyu: masu ajiyewa da masu zubarwa. Na koyar da tarihi shekara da shekaru, da farko a Kafanchan, daga baya a nan Manchester, kuma ban san daular da ta faɗi ba tare da wani ya fara cewa, "Wannan tarkacen me yake yi a nan?" Don haka kada mai karatu ya raina abin da zan faɗa don kawai a saman wadirob ɗin wani gida a unguwar Lozells ta Birmingham ya faru.

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana Bulus. Direban bas ne a Birmingham, dattijo a cocinsu, mijin Ladi, uban Dauda, kuma mai tsoffin takubban sojan Turai guda tara. Ranar jana'iza an faɗi duka waɗannan, ban da na ƙarshen. Fasto ya ce marigayi mutum ne mai son zaman lafiya, ya faɗa har sau uku, kamar mai toshe wata kafa.

Abin ya samo asali tun muna yara. Kakanmu yana da takobi a rataye a ɗakinsa, da tambarin jinjirin wata biyu a jikin ƙarfen. Duk ƙauyen sun yarda asiri ne. Sai da Yaya ya zo ƙasar nan, wata Asabar a kasuwar tsoffin kaya, wani tsohon Bature ya gaya masa cewa maƙeran Jamus suna buga irin wannan tambari a ƙarfen da fatake ke ratsa Sahara da shi, kuma maƙeranmu ma sun koyi bugawa. Ya kira ni a waya ranar. "Auta, ashe rubutu ne! Shekara nawa muna tsoron abin, ashe karanta shi ake yi." Daga ranar ya shiga karatu, bai fito ba har ya koma ga Ubangiji.

Ina cewa karatu, kuma na san abin da nake faɗa. Na ga masu digiri da ba su kai shi natsuwa a gaban hujja ba. Idan aka miƙa masa takobi ba ya saurin zarewa. Sai ya duba mariƙin tukuna, fatar kifin da aka naɗe shi da ita, da wayar da ta zagaye fatar. In ya zare, sai ya ɗora shi a kan yatsa biyu ya ji inda nauyin ya kwanta. Sannan ya fito da gilashinsa. Na Ingila, ya nemi 'yar ƙwayar tagullar da ake dasawa kusa da mariƙi, da haruffan sunan mai sarautar zamanin. Na Faransa, ya juya bayan ƙarfen, inda suke rubuta garin da aka ƙera da watan da aka ƙera, da rubutu mai lanƙwasa irin na malaman mishan. Tsatsa kuwa yana duba ta kamar mai duba fuskar mai ba da shaida. Ya ce ta gaskiya son kai gare ta, tana cin nan ta bar can. In ta bazu daidai wa daida kamar bota a burodi, hannun mutum ne ya sa ta.

Sau ɗaya na bi shi zuwa irin bajekolin tsoffin makaman nan da suke yi a manyan zauruka. Mu kaɗai ne baƙar fata, mu da Alhaji Mumuni, maƙwabcinsa mutumin zangon Kumasi, direban tasi. Alhaji ke kai shi kullum, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa bas ba shi da damar shiga bas da takobi. Wani mai tebur ya ga Yaya, ya yi murmushi, ya miƙo masa wani mashi na Afirka. Yaya ya gode, ya ce shi wancan na hafsan sojan ƙasa yake son gani. Ya duba minti biyu, ya mayar da ladabi, ya ce haruffan na sarauniya ne, amma kambin da ke bisansu irin na sarkin da ya biyo bayanta ne, kuma shi bai san maƙerin da ya iya duba gaibu ba. Kunnuwan Baturen suka yi ja. Alhaji ya raɗa mini, "Malama, direban nan naku zai sa a hana mu shayi."

To wannan mutumin ne, a makon makokinsa, matan zumunta suka zo gyara masa gida. Ba na zarginsu. Mu ba ma barin baƙi su shigo gidan rasuwa su ga datti. Suka wanke labule, suka goge tukwane har suna ɗaukar ido, sannan wata ta ɗaga kai ta ga takubba a bango, mariƙansu sun yi duhu. Ta ɗauko soson ƙarfe da lemun tsami. Alhaji Mumuni, wanda ya zo gaisuwa yana zaune a takure cikin waƙoƙin da ba nasa ba, ya miƙe ya tare bangon da babbar rigarsa.

"Mama, don girman Allah. Ki goge ni in kina so, kada ki goge waɗannan."

"Alhaji, datti ne fa!"

"Dattin shi ne kayan."

Shi ya sauke su, ya naɗe a bargo, ya ɗora a saman wadirob. A nan suka kwana shekara bakwai, ba wanda ya taɓa.

Watan jiya Dauda ya kira ni. Ɗan yayan nawa a Birmingham aka haife shi, yana aiki da matasa, kuma yanzu shi ma yana cikin kwamitin coci. Kullum Anti yake ce mini. Ranar ya ce "Gwaggo", sai na gyara zama. A ƙofar cocinsu an kafa akwatin ƙarfe, irin wanda ake jefa wuƙa a ciki ba a tambayi mutum sunansa ba, daga baya a kwashe a narkar. Shawarar kwamiti ita ce, ranar cikar shekara bakwai, bayan sujada, iyalin marigayi su miƙa takubbansa a gaban jama'a don a narkar tare da sauran, a ɗauki hoto, matasa su gani su yi koyi.

"It's a statement, Gwaggo, darasi ne ga jama'a. Baba zai so haka."

Na ce ban san ya fara karɓar saƙo daga wurin Baba ba, amma zan zo da kaina in ji.

Bari in yi wa Dauda adalci, tunda shi bai yi wa ubansa ba. Yaron nan ya tsaya a bakin kabarin matasan da ya sani da suna. Ya zauna da uwayensu. Wanda ya yi wannan yana da ikon ƙin duk wani abu mai kaifi, kuma akwatin nan aikin kirki ne. Na tabbata da Yaya yana raye da shi zai fara fenti a jikinsa. Amma na san kuma abin da zai yi bayan fentin. Zai leƙa ciki, ya ga wuƙaƙen kicin, ya ce, "To ni ina ruwana a nan?" Zai yi mamakin zamanin da mutum ke ɗaukar hoton takobi da waya, waya ta gaya masa ƙarya cikin daƙiƙa ɗaya, ya yarda. Zai fi mamakin cewa ɗansa na cikinsa ya dubi karatun shekara ashirin bai ga komai ba sai makami.

Na hau jirgin ƙasa ranar Lahadi da safe. Bayan sujada aka zauna a zauren baya, ga shayi ga biskit. Alhaji yana waje cikin motarsa, ya ce in ta ɓaci in ɗaga labule. Shugaban kwamiti ya karanta ayar nan da ke cewa za a mayar da takuba garemani, ya dube ni ta saman tabarau. Na ce na san ayar, na koyar da ita a makarantar Lahadi kafin ya fara aske gemu, kuma ban ga gona a Lozells ba.

Daga nan na yi abin da na saba yi wa aji mai taurin kai. Na ce kowane ɗaya daga takubban nan ya girmi kakan kowa a ɗakin. Na ce garin nan da muke zaune ya ƙera irinsu ya aika duniya, har da ƙasarmu, kuma ba da furanni aka zo mana ba. Shekaru ana karanta mu, ana auna kawunanmu, ana sa kayan kakanninmu cikin gilashi da 'yar takarda a ƙasa. Sai ga mutum ɗaya daga cikinmu, direban bas, ya juya gilashin, ya ɗauki kayansu yana karantawa, yana gyara musu kuskure a kan teburinsu. Wannan ne za ku narkar don hoto? Na ce a nemo mini yaro ɗaya da zai ajiye wuƙa don ya ga an jefar da takobin hafsan da ya mutu kafin a kawo lantarki, ni da kaina zan ɗauko bargon.

Dauda ya ce, "Anti, you're not listening. Ba kya saurare."

Na ce, "Na koma Anti ke nan?"

Ladi ce ta raba mu. Matar yayana ta daina juya cokali a kofi. Ta ce, "Ni shekara bakwai ban buɗe tagar ɗakin nan sosai ba, don kada iska ta taɓa kayan Baban Dauda. Wanda zai ɗauka ya ɗauka yau. Saman wadirob ɗina nake so." Na ɗaga labule. Kafin kwamiti ya gama shayi, bargon yana bayan motar Alhaji, mun kama hanyar Manchester.

Dauda bai kira ni ba tun ranar. Na san abin da na saya da abin da na biya, kuma ba na neman ragi. Mutum yana mutuwa, sai masu ƙaunarsa su taru su gyara shi: su cire abin da bai dace da jawabin jana'iza ba, su bar dattijon coci mai murmushi wanda kowa zai iya rataye shi a falo. Ni ba wannan ne yayana ba. Yayana mutum ne da ya ƙi yarda da abu don kawai mai tebur ya faɗa, ya ƙi goge tsufa don baƙi za su zo, ya kuma iya cewa "ban sani ba" a gaban Bature ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Abin da ya bari ke nan, kuma ba na ba kowa shi ya narkar.

Jiya da rana na shimfiɗa bargon a kan gadona a unguwarmu ta Moss Side, na ɗauko biro, da niyyar rubuta wa gidan tarihi wasiƙa. Ban taɓa zare takobi ba a rayuwata. Na ja na farko, sai wata 'yar takarda siririya ta faɗo daga bakin kuben. Rubutun Yaya ne, da Hausa: "Jabu ne. An kayar da ni a nan. Kada a sayar wa kowa."

Na kira Alhaji.

"Ai na gaske ba sa zama wurinsa, Malama," in ji shi. "Da ya gama karanta su sai ya sallama wa masu wurin ajiya, ya nemo wani. Wanda ya cuce shi ne yake riƙewa, don kada ya je ya cuci wani."

"Kuma ka tare bango da rigarka?"

"Cewa ya yi kada a goge. Bai ce ban da jabu ba."

"Ka bar ni na tsaya gaban kwamiti ina rantsuwa da kakannin mutane?"

"Ni ina mota. Yanzu za ki mayar wa Dauda?"

"Ko kube ɗaya."

Na ajiye wayar, na zare sauran ɗaya bayan ɗaya. Takubba tara, takardu tara.