Shinkafar Bakin Siton Mista Lin

Uwaisu mutumin wani ƙauye ne a bayan Dawakin Tofa, inda gona ke manne da gona, ba a gane iyaka sai da layin gamba. Tasa gonar kuwa, in ka yi tari a wannan gefe, na wancan gefen zai ce maka sannu. Shekara talatin ya yi yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau, har gwiwoyinsa suka ce su dai sun gaji. 'Ya'ya uku Allah ya ba su shi da matarsa Safara'u, ya kuma karɓe su tun ba su fara tafiya ba. Daga baya ita ma ta bi su. Abin da ke cin Uwaisu ke nan: ranar da aka rufe shi, babu bakin da zai ƙara cewa Allah ya jiƙansa.

Da dako ya gagara, ya samu aikin shara a siton wani ɗan ƙasar Sin mai sayen riɗi, wai shi Mista Lin, mutum marar hayaniya mai gurguwar Hausa.

Ran nan cikin marka, bayan la'asar, Uwaisu ya tarar da kwanon shinkafa a ƙasa bakin ƙofa, ga lemo uku, ga kofin shayi, ga tokar takarda. Shi kuwa ko ƙwayar riɗi ya gani a ƙasa sai ya duƙa ya tsince. Ya miƙa wa wani mai dako shinkafar, ya share tokar tsaf, yana jiran a yaba masa. Maimakon yabo, Mista Lin ya fito yana faɗa kamar an taka masa gyambo.

Da ya huce ya yi bayani. A garinsu, in ji shi, wannan watan matattu ke fitowa. Teburin da ke cikin ofis, mai hoto da turaren tsinke, na mahaifinsa ne. Takardar da yake ƙonawa guzuri ce yake aika masa.

"Kwanon waje fa, Maigida?" in ji Uwaisu.

"Na waɗanda ba su da kowa, Baba. Ba ɗa, ba jika. Suna yawo da yunwa. Ka ba su, su wuce lafiya."

Uwaisu ya yi a'uziyya. Ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa mamaci ba ya cin shinkafa, addu'a da sadaka yake bukata. A kan wannan bai taɓa ja da baya ba. Amma maganar marasa kowa ta zauna masa a ƙirji, ta ƙi tashi. Shekara shida ya ƙara a siton. Duk damina sai an ajiye kwanon, shi kuma ya kewaye shi da tsintsiya, yana kau da kai.

Bana Mista Lin ya ce tsufa ya zo, gida za shi. Ranar sallama ya kira Uwaisu ofis, ya ɗauko biro.

"Baba, faɗi sunanka duka. In ka mutu, zan sa sunanka a tebur kusa da babana. Ba za ka yi yawo ba."

Tsoho ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Tunda Safara'u ta rasu, ba wanda ya damu da bayan ransa sai wannan baƙon da ko alwala bai iya ba.

"Na gode, Maigida, amma kada ka ƙona min takarda, ba hanyarmu ba ce. In ka ji na cika, ka dafa shinkafar ka ba mai rai, ka ambaci sunana. Sauran na Allah ne."

"To. Wa zai buga min waya ya gaya min?"

Uwaisu ya shiga lissafi. Ya bi gidajen ƙauyensu ɗaya-ɗaya a zuci, daga bakin rijiya har gindin tsamiya. Mista Lin yana riƙe da biro yana jira. Can dai Uwaisu ya ba da sunan Liman Abdulkabir, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu.