Lamba Bakwai a Fuskar Kakata

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ban da ranar da na wanke hoton kakata.

Lokacin ina ji da kaina. Na samo wata tsohuwar kyamara, irin wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama. Fim ɗinta faffaɗa ne, hoto goma sha biyu kacal yake ɗauka. Mai kyau ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi mai araha, fari da baƙi. An ce araha ba ta ado, amma wa ya isa ya gaya mini a lokacin?

Kakata ta wajen uwa, da ke Ƙofar Marusa, ba ta yarda da hoto. Ko a biki aka ɗaga waya sai ta ja mayafi. Rannan ta gan ni a tsakar gida na sunkuya ina leƙen kyamarar, sai ta ce, "Maigidan, wannan akwatin naka ya san kunya. Sunkuyar da kai kake, ba ka ƙura ma mutum ido. Zo ka ɗauke ni, amma sau ɗaya."

Mahaifiyata har da guɗa. Kaka ta gyara zama a kan sallaya, carbi a hannu, tana murmushi ƙasa-ƙasa. Na danna.

"Maza ka wanko mani shi," in ji mahaifiyata.

Na ce ai da saura, ba a cire fim sai ya ƙare. Haka masu sana'ar ke yi, ni kuma ina tattalin ragowar, wai sai na samu abin da ya cancanta. Na jefa kyamarar a durowa. Bazara ta gasa ta, damina ta zo da raɓarta. Kafin lokacin girbi ya kama, Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa.

Bayan an share makoki mahaifiyata ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ina hoton Inna?"

Na toshe tagar ɗaki da bargo don kada haske ya shiga, na wanke fim ɗin. Da na ɗaga shi a haske sai na ga ɓarna. Shi irin wannan fim a naɗe yake da takarda mai lambobi, ashe a mai araha zafi da danshi suna sa tawadar ta ci fim ɗin. Ga lamba bakwai ɓaro-ɓaro a kan fuskar kakata, ɗige-ɗige sun cinye idanun. Wallahi zama na yi a ƙasa na yi kuka.

Haka na buga shi na kai. Mahaifiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora yatsa a ƙasan hoton, inda tawadar ba ta kai ba.

"Hannunta ne," ta ce. "Ka ga yadda take riƙe carbi."

Har yau yana rataye a ɗakinta, kuma ba ta taɓa goranta mini ba. Ni ne dai duk na shiga sai na sunkuyar da kai. Hoto biyar na yi wa tattali, na rasa guda ɗayan da ba za a sake ba. Daga nan na koyi cewa in tsoho ya ce maka sau ɗaya, to ka bar komai ka gama da shi a ranar.