Hannu Huɗu a Kan Sitiyari

Shekara da shekaru, in za mu kasuwar Illo daga Bagudo, wurina a motar maigidana baya ne, tsakanin buhunan albasa. Kujerar gaba ta yayansa ce. Ban taɓa cewa uffan ba, babba ne. Sai dai in sauka ina ƙamshi kamar tukunyar miya.

Ana nan famfon sitiyari ya mutu. Bakanike ya ce shi ke tura mai har sitiyari ya yi laushi. Da ya mutu kuwa sai abin ya koma dutsen niƙa. In hanya ta miƙe lafiya lau, amma shan kwana sai mutum biyu. Yaya ya taya sau ɗaya, aka yi kwana uku ana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi.

"Ke, dawo gaba," in ji maigida. "Hannun da ya saba da taɓarya muka so."

Haka na samu kujerar gaba. In mun doshi kwana sai ya ce, "Ja!" Ni in kama ta nan, shi ta can, mota ta juya tana nishi. Ashe hanyar nan akwai abin kallo! Gonakin shinkafa, shanu, allunan da nake haɗa baƙaƙensu ɗaya bayan ɗaya. Iska ma ta gaba daban ce. Damina ta wuce, rani ya shigo, ban taɓa yi wa famfon nan addu'ar samun lafiya ba.

Sai wani abokin maigida mai ƙetarawa Benin ya zo da na hannu, ɗan Kwatano, ƙunshe cikin buhun siminti a bayan babur. Kowa na murna, ni na san albasa na jirana. Bakanike ya kwance tsohon ya ɗaura wannan, ya ɗaure bel, ya ɗura jan mai. Ya murza sitiyari da yatsa ɗaya yana dubana.

"Inna, kin huta."

"Allah shi saka," na ce, muryata can ƙasa.

Ran kasuwa na nufi ƙofar baya da kaina. Yaya ya tsayar da ni.

"Ba a yarda da ɗan Kwatano ran farko. Zauna gaba, in ya mutu bisa hanya ki ja. Kasuwa mai zuwa in amshi wurina."

Ya shige cikin albasa yana tattare babbar riga.

Tafiya ta yi daɗi har bakin kasuwa, inda ake shan kwana a gindin wata tsamiya. Nan ne bakin maigida ya riga hankalinsa.

"Ja!"

Ni ma hannuna bai yi shawara da ni ba. Na kama na ja da ƙarfin da na saba, shi ma haka. Mota ta juya kamar an mare ta. Muka zagaye tsamiya. Maimakon mu saki, tsoro ya sa muka ƙara riƙewa, muka sake zagaye ta. Na ga mai rake sau biyu, na biyun yana bisa reshe. Kafin ƙafar maigida ta lalubo birki, hancin mota na kallon Bagudo.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Wani ɗan acaɓa ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, an fasa cin kasuwar ne?"

Muka waiwaya, babu Yaya, sai tsibin albasa da hula a sama. Muka tono shi. Ya daɗe yana duban gilashin gaba, sannan ya dubi buhunan da suka tare shi ta ko'ina.

"Mi na yi muku?" ya ce. "To ku ji. In motar ga za ta ƙara rawa, gara ta same ni nan. Albasa ba ta fasa goshi. Riƙe kujerarki."

Har yau ni ke gaba, famfon kuma bai mutu ba. Sai dai kafin mu tashi maigida kan ɗora mini ƙwaryar gyaɗa a cinya in yi ta ɓara, don hannuna ya samu aikin yi. In mun doshi tsamiyar nan kuwa, shi ya ciji leɓe, Yaya ya rungumi buhu, mai rake ya ja tirensa baya.